ZAWON MARUƘA: RUWA DA NONO KAFIN ALLURA

 Darasinmu na wannan fitowa a kan maruƙa yake, watau yadda ake shayar da ɗan maraƙin da zawo ya kama, da yadda ake mayar masa da ruwan da ya zube daga jikinsa. Tun da ruwan sama ya sauka a watan Maris, babu makon da zai wuce ba mu ji wani ɗan'uwa yana kukan ya yi hasarar maraƙi ba, ko a nan gida Briketeri, ko a can garkensa na Adamawa. Shi ya sa muka ga ya kamata mu zauna mu rubuta abin da muka koya, wani daga bakin likitocin dabbobi, wani kuwa daga hasarar da muka tafka da hannunmu.

Wani zai ce, mu da sana'armu saye da sayarwa ce, ina ruwanmu da renon maraƙi? To, ai ruwanmu ne ta hanya biyu. Ta farko, kowa ya san cikin shanun da ake lodawa a Ngaundere akwai masu tsohon ciki. Tafiyar jirgi daga can zuwa Yawunde ta haura kilomita 600, ga cunkoso a tarago, ga ƙishirwa, ga tsayuwa. Wata saniyar a cikin tarago take haihuwa, wata a tirela, wata kuwa sai an sauke ta a Etudi. Uwar kasuwa ta kawo ta, kwana ɗaya ko biyu mahauci ya saye ta. Ɗan fa? Sai a ɗora shi a mota a kawo shi unguwa, a ɗaure a zaure ko bayan ɗaki, a bar wa mata da yara. Hanya ta biyu kuwa, da yawa cikinmu muna da 'yan shanu a hannun makiyaya wajen Meiganga, Tibati, Banyo ko Tinyer, kuma ribar wannan garke duk tana kan dangwali. Maraƙar da ta mutu tana da kwana goma, karsanar shekara uku ce ta mutu, da duk 'ya'yan da za ta haifa.

Bari mu fara da laifinmu. Shekarun baya an kawo mana maruƙa uku a mako guda, duk 'yan tarago. Muka sa aka dama musu madarar gwangwani mai sukari, aka haɗa da koko don wai ya riƙe musu ciki. Kwana biyu zawo ya tsinke. Muka yi abin da muka ga manya suna yi: muka hana su nono ɗungum, muka jiƙa sukarin shayi da gishiri muna ɗura musu, muka fasa kafso mai ja da rawaya a ciki, muka bi da allurar nan da muke yi wa kowace dabba kome ciwonta. Biyu suka mutu cikin kwana huɗu. Na ukun, da muka ga ya kwanta ba ya ɗaga kai, muka kira likitan dabbobi, ya yi masa ƙarin ruwa ta jijiyar wuya, kafin magariba ya miƙe yana neman abin tsotsa. Da likitan ya ji abin da muka yi, ya lissafa mana kurakurai huɗu a ciki, kuma kowanne mun yi shi ne da kyakkyawar niyya. Su ne za mu bi ɗaya bayan ɗaya a nan.

ABIN DA KE KASHE MARAƘIN

Ƙwayar cutar da ta tsinka zawon ba kasafai ita ce ke kisa ba. Abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jiki, da tsamin da ke taruwa a jini, da yunwa. Ɗan gudali ranar haihuwarsa ba ya cika wuce kilo 25, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na wannan nauyi ruwa ne. Idan zawo ya yi tsanani yana iya zubar da lita biyu, uku, har fiye a yini ɗaya. Da zarar abin da ya rasa ya kai kashi 12 cikin 100 na nauyinsa, watau lita uku ga mai kilo 25, to sai dai wani ikon Allah. Ku duba lissafin da kyau: lita uku, kwalbar Tangui biyu ke nan. Tsakanin maraƙi mai tsalle da gawa kwalba biyu ce ta ruwa, kuma tana iya zubewa tsakanin asubar yau da ta gobe. Babban sa yana da tumbi cike da ruwa da zai ja daga ciki, ga kitse. Jariri ba shi da ko ɗaya.

Ruwan da ke fita kuma ba shi kaɗai yake fita ba, yana tafiya da gishiri da wani sinadari da ke kashe tsami a jini. In wannan ya ragu, sai jini ya yi tsami, maraƙi ya riƙa tangaɗi kamar wanda ya sha wani abu, bakinsa ya daina kama yatsa, ka taɓa gefen idonsa ya ƙi ƙiftawa. An fi ganin haka ga waɗanda suka haura mako ɗaya, kuma wani lokaci idon bai ma faɗa sosai ba, sai mutum ya ɗauka da sauƙi alhali kuwa abin ya yi nisa.

YADDA AKE DUBA SHI

Ba a bukatar na'ura. Yatsa da ido sun isa, kuma kowane yaron gida yana iya koya.

Da farko a sa masa yatsu biyu masu tsabta a baki. Lafiyayye zai kama da ƙarfi, bakinsa da ɗumi da yawu. In ya kama amma da rauni, da sauran dama a gida. In bakin ya yi sanyi, ya bushe, ya ƙi kamawa, to aiki ya bar hannunmu. Sa'an nan a ja fatar idonsa ta ƙasa a duba ko akwai rata tsakanin ƙwayar ido da kwarminsa. Ido cike babu rata, bai rasa da yawa ba. In ratar ta fito kaɗan, kamar kaurin ashana ɗaya ko biyu, ya rasa wajen kashi 6 zuwa 8 cikin 100. In ido ya zurma har kana ganin rami, ya wuce 8. Na uku, a kama fatar wuyansa a ɗaga, a ɗan murɗa, a saki, a ƙirga. Ta koma nan take, lafiya. Ta ɗauki ƙirga uku zuwa biyar, ruwa ya ragu. Ta tsaya cirko-cirko ta wuce ƙirga shida, an shiga haɗari. A haɗa da taɓa kunnuwa da ƙafafu, domin sanyinsu alama ce jini ya daina kai wa gefe.

Daga nan sai lissafi, kuma lissafi ai sana'armu ce. A ɗaga maraƙin a kwatanta da buhun shinkafa mai kilo 25. In nauyinsu ɗaya, kuma alamu sun nuna ya rasa kashi 6 cikin 100, to bashin da ake binmu lita ɗaya da rabi ne. Amma zawon bai tsaya ba, zai ci gaba da zubar da wata lita ɗaya ko biyu kafin gobe. Saboda haka abin da zai sha na ruwan haɗi a yinin ya kama lita uku, ban da nononsa. A nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Mutum ya ba maraƙi kofi ɗaya na ruwan gishiri ya ce ya yi magani bai yi aiki ba. Kamar wanda ake bi jaka ɗari ne ya kai jaka biyar ya ce ya biya.

RUWAN HAƊI

Wannan ilimi daga wajen mutane aka fara cin moriyarsa. A shekarar 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a ƙasar Indiya, ruwan ƙari ya ƙare. Wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa haɗa gishiri da gulukos da bikarbonat a ruwa ana ba majiyyata ta baki, mace-mace suka sauko daga wajen 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. Shi ne asalin 'yar fakitin nan ta SRO da matanmu suka sani a asibiti, wadda aka yi ta rabawa lokacin kwalarar 2011 a nan Yawunde. Sirrin abin shi ne, a bangon hanji akwai wata ƙofa da gishiri ba ya shiga ta cikinta sai tare da gulukos, in kuwa sun shiga, ruwa sai ya bi bayansu. Kamar baƙon bafatake ne da dillalinsa a tike, ɗaya ba ya ciniki sai da ɗaya. Ruwa zalla, ko ruwa da gishiri kawai, ba ya shiga jiki da irin wannan sauri.

To amma ga inda maraƙi ya bambanta da ɗan mutum, kuma nan ne kuskurenmu na farko. A rediyo an koya wa iyaye mata haɗa gishiri da sukari don yara, kuma daidai ne ga yara. Ga jaririn maraƙi ba daidai ba ne. Sukarin rake, irin na Sosucam da muke jefawa a shayi, sai hanji ya fasa shi kafin ya zama gulukos, shi kuwa maraƙi ba a halicce shi da abin fasa shi ba. Sai sukarin ya wuce yadda ya shiga, ya je ƙasan hanji ya ruɓe, ya jawo ruwa daga jiki, zawo ya ƙaru. Madarar gwangwani mai kauri ma haka, wajen rabinta sukarin rake ne. Abin da ake nema shi ne garin gulukos, ana samunsa a farmasi.

Mafi kyau shi ne fakitin da aka haɗa musamman don maruƙa, wanda ake samu a kantin magungunan dabbobi, a bi abin da aka rubuta a jikinsa, kada a ƙara kada a rage. In babu, SRO ta mutane tana taimakawa, fakiti ɗaya a lita ɗaya, domin gulukos ne a cikinta, sai dai ƙarfinta wajen kashe tsamin jini bai kai yadda maraƙi ke so ba. In ita ma babu, ga haɗin gida. A tafasa ruwa a bar shi ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, a cika kwalbar Tangui mai lita ɗaya da rabi. A zuba gishirin miya ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, watau wajen giram 6. A zuba hodar bikarbonat ƙaramin cokali ɗaya a shafe, wajen giram 5. A zuba gulukos babban cokali uku a shafe, wajen giram 30. A girgiza har ya narke. A shafe muka ce, ba a toshiya ba. A ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye sosai. Gishiri in ya yi yawa guba ne, musamman ga maraƙin da babu ruwan sha a gabansa, don haka kullum a ajiye masa ruwa mai tsabta a ƙwarya ya sha in ya so. Abin da ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo. Wannan haɗi ba shi da sinadarin fotashiyam da ke cikin na fakiti, shi ya sa muka sa shi a ƙarshe, amma nono zai cike wani abu daga giɓin.

Za a tambaye mu kanwa. Gaskiya ne kanwa dangin bikarbonat ce, kuma shanunmu sun saba da ita, kakanninmu ma har lahore suke kora garke ya sha ruwan kanwa a bakin Vina. Amma wannan na manyan shanu ne. Kanwa ba ta da ma'auni ɗaya, wata ta fi wata kaifi nesa ba kusa ba, ga ƙasa ga yashi a ciki. Ba mu ba da shawarar a yi gwaji da ita a cikin jariri mai ciwo ba. Bagaruwa da sassaƙe kuwa, suna iya ɗaure kashi ya yi kauri, mai shi ya ji daɗi, amma lita ukun nan da ta zube ba su mayar da ko cokali ɗaya ba.

KADA A HANA SHI NONO

Kuskure na biyu shi ne wanda ya fi zama a zukatan mutane, har wasu tsofaffin littattafan kiwo sun koyar da shi: wai a ɗauke nono kwana biyu hanji ya huta. Likitocin dabbobi sun bar wannan magana. An gwada an gani cewa maraƙin da aka ci gaba da ba shi nono tare da ruwan haɗi ba ya ramewa, hanjinsa ya fi saurin warkewa, kuma zawonsa bai fi na wanda aka hana daɗewa ba. Dalili a fili yake. Ruwan haɗi ruwa ne da gishiri, ɗan gulukos ɗin da ke ciki bai isa ko kusa ya riƙe jiki ba. Jariri kuwa ba shi da kitsen da zai ci kwanaki. Sai a wayi gari zawo ya tsaya amma yunwa ta gama da shi, musamman a daren damina na Yawunde da sanyi ke sauka.

Saboda haka in uwar tana nan, a bar shi ya tsotsa. A gaya wa makiyayi da matarsa cewa saniyar da ɗanta ke zawo a ɗaga mata ƙafa wajen tatsa kwana biyar ko mako guda. Mun san maganar tana da nauyi, domin nonon nan shi ne cefanen gidansu. Mai garke mai hankali sai ya biya su kuɗin nonon makon daga aljihunsa, ai bai kai kuɗin fatar karsana ba. In ya ƙi biya ya tsaya ba da umurni ta waya, za a ce masa to, kuma za a tatsa.

In maraya ne irin 'yan tarago, abin da ya fi shi ne nonon wata saniya, sabo, a tafasa a huce. In babu, madarar gari mai cikakken mai, giram 125 zuwa 130 a lita ɗaya, watau kashi ɗaya gari kashi bakwai ruwa in an auna da nauyi. Kada a tsinka ta don tsimi, kada yau kauri gobe ruwa-ruwa. A yini yana bukatar aƙalla kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa, lita biyu da rabi ga mai kilo 25, a raba sau uku ko huɗu, da ɗumi irin na jiki. Koko da kunu da ruwan tuwo kuwa, wannan shi ne kuskurenmu na uku. Kafin ya yi mako uku cikinsa bai iya narkar da tsaba ba, ita ma ruɓewa take yi a ciki.

Ba a haɗa nono da ruwan haɗi mai bikarbonat a kwano ɗaya, ba a kuma ba da su a jere. Mahauta sun san cikin saniya kashi huɗu ne. A jariri na huɗun ne ke aiki, nan nono ke sauka ya dunƙule kamar cuku, sa'an nan ya riƙa narkewa a hankali. Bikarbonat yana hana wannan dunƙulewa. Don haka a sa tazarar sa'a biyu zuwa uku a tsakani. Mu dai lokutan salla muke bi, domin ba a mantawa da su: bayan asuba nono, da hantsi ruwan haɗi lita ɗaya, bayan azahar nono, bayan la'asar ruwan haɗi lita ɗaya, bayan magariba nono, sa'an nan kafin a kwanta ruwan haɗi lita ɗaya. A ci gaba da haka har ido ya ciko, fata ta riƙa komawa nan take, ya riƙa fitsari sosai. Kashi yakan ɗauki kwana uku zuwa bakwai kafin ya daidaita, kada wannan ya sa a karaya. Idon ake kallo da kuzarin, ba gindin kawai ba. Yayin da ya samu sauƙi a rage ruwan haɗi zuwa sau biyu, sa'an nan sau ɗaya.

MAGANAR ƊURE

Mun saba da ɗure. A kama sa, a ɗaga kansa sama, a ja harshe, a tura kwalba. Da yawa daga maruƙan da muke cewa zawo ya kashe, ɗure ne ya kashe su. Ruwa ya bi ta maƙogwaron iska ya sauka a huhu, bayan kwana biyu ya kama tari da nishi. A nemi bibero, watau kwalba mai kan roba, ko a koya masa sha a kwano da yatsa a bakinsa. Ya kasance a tsaye, ko a kwance bisa ƙirjinsa, ba a gicciye ba. Hancinsa kada ya wuce tsayin idonsa. A bar shi ya haɗiya da kansa, in ya yi tari a dakata. Tsotson nan da yake yi shi ke sa nono ya zarce ciki na huɗu bai faɗa tumbi ba. Akwai wata roba da ake zurawa ta maƙoshi har ciki, tana da amfani ƙwarai ga wanda ya ƙi sha, amma sai wanda likita ya koya masa hannu da hannu, kuma ruwan haɗi ake bi da ita.

Wanda ya kwanta ba ya iya tashi, ko bakinsa ya daina kama yatsa, ko cikinsa ya kumbura, kada a zuba masa kome a baki. A lulluɓe shi da buhu, a ɗauke shi daga siminti mai sanyi, a nemi likitan dabbobi ya yi masa ƙarin ruwa ta jijiya. A nan Yawunde ba su da wuyar samu, akwai ma'aikatan ma'aikatar kiwo a wajen mayankar Sodepa ta Etudi, akwai masu zaman kansu. Kowa ya ajiye lambar ɗaya a wayarsa tun kafin bukata ta taso.

ALLURA DA KAFSO

Kuskure na huɗu. Shekarun maraƙi sukan nuna abin da ya kama shi. Zawon kwana huɗun farko, mai ruwa tsululu da ke kayar da shi cikin sa'o'i, galibi ƙwayar nan ce da likitoci ke kira E. coli. Daga kwana biyar zuwa mako uku, wanda shi ne mafi yawa, galibi ƙananan ƙwayoyi ne irin su rota da korona na shanu, da wata mai suna kirifto. Waɗannan duka allurar oksitetirasaikilin ba ta taɓa su, kafso ma haka. Jiki ne ke korarsu da kansa in an riƙe shi da ruwa da nono. Bayan mako uku, in aka ga jini da majina da yawan yunƙuri, a yi zaton koksidiya, ita kuwa maganinta daban ne, likita zai faɗa. Akwai kuma macijin ciki na maruƙa, fari, dogo, wani ya kai tsawon tafin hannu biyu. Ta nonon uwa yake shiga, kashin yakan yi kalar toka ko laka da wari na daban. Makiyayan Adamawa sun san shi sarai. Ana riga shi ne da maganin tsutsa lokacin da maraƙi ya yi wajen mako biyu, kafin ya girma a ciki.

Ba mu ce allura ba ta da rana ba. In akwai zazzaɓi, ma'aunin zafi ya haura 39.5, ko jini a kashi, ko cibiya ta kumbura, ko gwiwa, ko kuwa jariri ne ɗan kwana biyu da bai sha dakashi ba, to ƙwayar ta iya shiga jini, kuma a nan allura wajibi ce. Amma likita ne zai zaɓa ya kuma auna da nauyin maraƙin. Maganin da ya yini a rana a kan tabarmar kasuwa, wanda ba a san inda ya fito ba, ba mu san abin da ke cikinsa ba balle mu san aikinsa.

DAKASHI

Da an tambaye mu abu ɗaya da ya fi rage wannan hasara, da mun ce dakashi. Ɗan mutum yana samun kariya daga cututtuka tun yana ciki. Maraƙi ba haka ba ne, mahaifar saniya ba ta barin wannan kariya ta wuce, sai ya faɗo duniya hannu rabbana. Duk garkuwarsa tana cikin nonon farko, kuma hanjinsa a buɗe yake ya karɓe ta na 'yan sa'o'i kawai. Sa'a shida na farko su ne zinariya, bayan sa'a 24 ƙofa ta rufe, ko tulu ya sha ba za ta shiga jini ba. Yana bukatar wajen lita biyu a waɗannan sa'o'i shida. To ku auna ɗan da aka haifa a tarago cikin dare, tsakanin ƙafafun shanu, uwar a gajiye, ba wanda ya lura sai da safe. Wannan tun bai sauka ba an riga an ci shi rabi.

Don haka muna roƙon 'yan'uwa abu uku. Saniyar da hantsarta ta cika, gindinta ya saki, kada a loda ta, a bar ta ta haihu a can. Yaran da ke rakiyar shanu a gaya musu, in haihuwa ta faru a hanya, da an tsaya a ɗaga ɗan a kai bakinsa hantsa, in ya kasa a tatsa a ba shi. In kuwa ta iso ta haihu a nan, mai ita ya yi haƙuri ko da kwana uku ne kafin ya miƙa ta ga mahauci. Mun san kowace rana kuɗin ciyawa ne da na tsaro, mun san kuma masu kuɗi a arewa suna jiran saƙo. Amma raba uwa da ɗan yini ɗaya, ko ba a yi maganar riba ba, abu ne da zuciya ba ta natsuwa da shi. Masu tatse dakashi su dafa don daɗinsa kuwa, su bari ɗan ya ƙoshi tukuna. A kuma tsoma cibiyarsa a aidin ranar haihuwa.

Saura tsabta, kuma a Briketeri wannan ba ƙaramar magana ba ce. Gidajenmu a matse suke, rijiya kusa da masai, kwata a ƙofar gida, in an yi ruwa na tudu ya gangaro wa na kwari. Maraƙi mai zawo a ware shi daga sauran, a shimfiɗa masa busasshiyar ciyawa ko ɓuntun katako daga wajen kafintoci, a riƙa sauyawa kullum, a barbaɗa farar ƙasa a wurin. A fara shayar da lafiyayyu, mai ciwo a ƙarshe, kuma biberonsa nasa ne shi kaɗai, a wanke da sabulu da ruwan zafi bayan kowane sha. A garke kuwa, a matsar da dangwali zuwa sabon wuri in zawo ya shiga, kada a bar jarirai kan kashin na gaba da su.

Kirifto da wata ƙwaya mai suna salmonela suna kama mutane, kuma yara ƙanana suka fi kamawa. Mun ga gidan da maraƙi ya warke, ɗan autan gida ya kwanta asibiti. Yaranmu suna son maraƙi, suna sa masa yatsa a baki, daga nan sai kwanon abinci. Duk wanda ya taɓa shi ko shimfiɗarsa ya wanke hannu da sabulu, kwanon maraƙi kada ya shiga cikin kwanukan gida, mai goyo da mai ciki su bar wa wani wannan aiki.

Masu garke a nesa, ku aika wa makiyayanku gulukos da bikarbonat da bibero biyu tare da gishirin shanu na wannan wata, ku karanta musu ma'aunin kwalbar nan ta waya da Fulatanci har sai sun maimaita muku shi daidai. In sun kira sun ce maraƙi na zawo, ku ce su ɗauko muku hoton idonsa ta WhatsApp, ku tambaye su kwanansa nawa, yana kama yatsa ko ba ya kamawa, kwalba nawa ya sha tun safe. Wanda ke son a nuna masa gwajin fata da na ido da hannu, ya same mu a Etudi ranar kasuwa da hantsi. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba ciwon cibiya da kumburin gwiwa. Wassalam.